Amsar da Auta Ya Ba Likita

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya ƙafar? Ya kunnen kuma? Kin ce in daina kiranki a waya tunda sai ihu muke yi wa juna, ke ba ki ji ba, maƙwabta kuma sun gama ji. To ga takarda, yadda kike so. Dama maganar da ke bakina ba ta ihu ba ce.

Yaya, na gaji. Ba irin gajiyar da barci ke kawarwa ba. Da safe nakan zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, sai in ga minti goma sun wuce. Na kai shekara biyu a haka, ina cewa aiki ne.

Sati uku da suka wuce ina koya wa wata baiwar Allah tuƙi, kwananta shida da farawa. Muna kan titin bayan makarantarmu ta koyon tuƙi, da rana tsaka, barci ya sace ni a kujera. Ƙarar hon ce ta tashe ni. Ashe ta shiga shataletale, ta rasa yadda za ta fita, tana ta zagayawa tana kuka, zagaye na uku ke nan. Ni da ƙafata ya kamata ta kasance a kan birkin ɓangarena, ina can baki buɗe. Allah ya kiyaye. Mai makarantar ya kira ni ofis ya ce, "Malam, shekararka sha huɗu a nan, ban taɓa jin kanka da kowa ba. Ko ka je asibiti, ko ka ajiye min mukulli."

Na je. Sun ɗebi jinina sau biyu, duk da sassafe, sati ɗaya tsakani. Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba. Ta tambaye ni barci, ta tambaye ni ci, ta tambaye ni fushi. Sai ta ce, "Sha'awa fa?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Ki yi haƙuri da wannan magana, Yaya, ke kika raine ni bayan rasuwar Inna, ba ni da wanda zan faɗa wa. Na gaya mata gaskiya: ni da maiɗakina mun daɗe muna zaman wa da ƙanwa.

Ta juyo min da fuskar kwamfuta ta nuna min lamba. Ta ce akwai sinadarin da jikin namiji ke samarwa, testosteron sunansa, nawa ya yi ƙasa sosai. Ta ce ana iya ƙara min shi, ko ta allura duk sati biyu, ko ta wani mai da ake shafawa a kafaɗa. Ta ce ba sihiri ba ne, sai an riƙa duba jinina saboda yakan yi kauri, kuma mai yiwuwa in na fara, na fara ke nan.

Daga nan ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, "Wannan tambayar ta fi duk sauran. Kuna neman haihuwa? Domin in jiki ya ga ana ba shi daga waje, sai ya daina yin nasa, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ɗauke gaba ɗaya."

Na ce, "A'a, mun gama."

Ta ce, "Kun yi shawara da maiɗakinka?"

Na ce, "Mun yi."

Na san yadda ta fahimci maganar. Ta ɗauka gidana cike yake da yara. Ban gyara mata ba. Shekara tara, Yaya. Kin san asibitocin da muka zaga, kin san ɓarin nan na shekara ta uku. A kujerar nan na ji ba ni da sauran ƙarfin sa rai. Ina son in farka da safe in ji ni mutum ne, shi ke nan.

Ranar Talata aka yi min allurar farko. Na gaya wa maiɗakina allurar ƙarin kuzari ce. Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu.

Ki gaida kowa. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, abin kunnen nan da kuka saya min kuma fito yake yi kamar buta a wuta, na jefa shi a durowa.

Na karanta takardarka sau uku. Na farko na yi dariyar matar shataletale, Allah ya yafe min. Na biyu na yi maka kuka. Na uku na so a ce kana kusa in ja maka kunne kamar da.

Ciwo ba abin kunya ba ne. Na ji daɗi da ka je asibiti, ba ka bi masu sayar da ƙwayoyi a jaka ba. Kuma da ka faɗa min tun shekara biyun nan, da ban riƙa ce maka ka zama malalaci ba duk sanda ka zo ka miƙe min a kan doguwar kujera. Wannan laifina ne.

Amma kai, "mun gama"? Kai da wa? Ka shiga ɗaki kai kaɗai, ka yi magana da bakin mutum biyu. Likita ta tambaye ka har sau biyu, ta ba ka ƙofar komawa gida ka yi shawara, ka rufe da hannunka. Yarinyar nan ta sha magungunan da suka kumbura mata fuska. Ta kwanta an yi mata wankin ciki kana tsaye a baranda kana shan shayi. Ko gamawa za a yi, ai ita ma tana da baki.

Ka ce in rufa maka asiri. Zan rufa, amma ba har abada ba. Ka zaunar da ita ka faɗa mata. Ba sai ka tsara magana ba, dama ba ka iya ba. Ka faɗa mata yadda ka faɗa min.

Ka riƙa zuwa gwajin jinin nan da ta ce. Na san halinka, da ka ji sauƙi sai ka manta hanyar asibiti.

Allah ya ba ka lafiya. Ka gaida amaryarmu.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kin tashi lafiya, ya jiki, ya yara. Ki gafarce ni na daɗe ban rubuto ba. Aiki ya yi yawa a shagon tabarau, abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa, ni ce a kanta ni ce a ɗakin gwaji. In kin zo ki taho da tabaranki in ɗaure miki ƙafarsa, na ji an ce da zare kika ɗaure.

Yaya, albishir nake miki. Ƙaninki ya dawo.

Ban taɓa faɗa miki ba, amma shekara biyun nan na sha wuya a zuciyata. Malam zai dawo daga aiki ya zauna a falo ko riga bai cire ba, in yi masa magana ya ce "uhm". Na ɗauka ni ce na gundure shi. Na canza ɗinki, na canza turare, har na daina. Na ce wataƙila haka aure yake tsufa in babu yara a tsakani.

Wata uku ke nan da ya fara wata allurar ƙarin kuzari da likita ta rubuta masa. Ki zo ki gani! Ya gyara famfon kicin da ya shekara yana ɗiga. Ranar Asabar ya fitar da duk kujerun falo waje ya kakkaɓe su, yana waƙa da muryar nan tasa mai kama da ta tsohuwar mota. Jiya ya zo shago ya ɗauke ni, ya saka tabaran mata yana tambayata ko ya yi kyau, har mai shagon ya yi dariya. Sauran kuma ba sai na faɗa ba, ke babba ce.

To shi ne na ce bari in gaya miki abin da ko shi ban gaya wa ba. Na koma wurin likitar mata. Ta duba ni ta ce shekara talatin da takwas ba ƙarshen duniya ba ne, amma kada in yi wasa da lokaci. Na sake fara ƙirga kwanaki a kalandar bayan ƙofa, da fensir, yadda ba zai lura ba. Watan jiya na yi lattin kwana huɗu. Kwana huɗun nan ban taka ƙasa da ƙarfi ba. Bai tabbata ba, amma ban yi kuka kamar da ba, na ce ai yanzu muna da hanya.

Ba na son in ɗora masa nauyi yana cikin farfaɗowa, shi ya sa na yi shiru. Ki taya ni da addu'a. Kin daɗe kina tambayata ko har yanzu shiru, ina son wata rana in ba ki wata amsar.

Ki huta lafiya. A gaida min yara da kyau.

Taki,
Matar ƙaninki

*

Auta,

Sallama. Gaisuwa kaɗan yau, raina a ɓace yake.

Wata uku! Na rubuto maka sau biyu ina tambaya, ka amsa min da labarin tayar mota da zafin gari. Na ɗauka ka faɗa mata kana jin nauyin gaya min yadda aka yi. Ashe ko fara ba ka yi ba.

Matarka ta rubuto min. Ba zan faɗa maka duk abin da ta ce ba, amanarta ce. Abu ɗaya zan ce: ka je bayan ƙofar ɗakinku ka duba kalanda da kyau, ka kawo fitila in idonka ba ya gani.

Na zauna da takardarta a cinya har shayina ya huce. Ban san me zan amsa mata ba. In ce Allah ya sa, alhali na san abin da na sani? Ka mayar da ni maƙaryaciya da tsufana, ina zaune a gidana.

Na ba ka zuwa ƙarshen wata. In ban ji daga gare ka ba, zan hau mota da ƙafar nan tawa in zo in faɗa mata da bakina, kuma ka san yadda muryata take tun da kunnena ya mutu. Duk layinku sai ya ji.

Ba don ba na sonka ba ne. Ka sani.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ba sai kin hau mota ba, an yi.

Na duba kalandar. Ɗige-ɗige ne ƙanana da fensir, wasu da da'ira. Na san su, irinsu ta yi shekara bakwai tana yi kafin ta daina. Na tsaya a wurin har na makara aiki.

Ranar Juma'a da yamma ta dawo daga shago tana yanka albasa a kicin. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata komai, ban tsara ba, kamar yadda kika ce. Ba ta daina yankan ba sai da ta gama. Ta wanke wuƙar, ta goge hannu, sannan ta ce, "Maimaita abin da ka ce wa likitar."

Na ce, "Na ce mun gama."

Ta ce, "Ta tambaye ka ko ka yi shawara da ni?"

Na ce ta tambaya.

Ta ce, "To." Ta kashe murhu ta shiga ɗaki. Da ta yi ihu da ya fi min sauƙi.

Ranar Litinin ta ce za ta bi ni asibiti. Muka zauna a layi kusan awa biyu, kujera ɗaya tsakaninmu da jakarta a kai. Da muka shiga, likita ta gaishe ta da fara'a ta ce, "Ya yara?" Maiɗakina ta ce, "Ba mu da su, likita. Shekara tara muna nema."

Likitar ta cire tabarau ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, da ka gaya min, da ba wannan maganin na fara ba ka ba." Ashe akwai wata hanya, Yaya. Akwai maganin da ke zuga jiki ya yi nasa sinadarin da kansa, ba ya kashe ƙwayoyin haihuwa. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ba ya da saurin allurar. Amma akwai shi. Da na buɗe baki na faɗi kalma ɗaya ta gaskiya, da an gwada shi tun farko.

Maiɗakina ce ta yi duk tambayoyin, da takarda a hannu. In ya daina yau, yaushe ƙwayoyin haihuwar za su dawo? Likita ta ce wasu wata shida, wasu shekara, wasu fiye, kuma akwai waɗanda ba sa dawowa yadda suke, musamman ni da tun asali nawa ba su da yawa. In ya daina, gajiyar za ta dawo? Ta ce za ta dawo, wataƙila ta fi ta da a watannin farko. Zai iya aiki? Ta ce sai an gani.

Aka tura ni gwaji. Sakamako ya fito shekaranjiya. Babu ko ɗaya.

A mota na ce mata zan daina. Ta ce, "Kada ka daina don ka biya ni. Ba na son sadaka." Na ce ba sadaka ba ce. Ta ce, "To mene ne?" Gaskiya, Yaya, tsoro nake ji. Wata huɗun nan na tuna yadda ake zama mutum. Yanzu an ce in mayar da shi in koma bakin gado da takalmi a hannu. Amma na gaya wa likita mun tsayar da shawara in daina allurar na shekara ɗaya, ni da ita, kuma wannan karon tana zaune a wurin da na faɗa.

Na sanar da mai makaranta. Ya ce zai mayar da ni aji in riƙa koyar da alamomin hanya a allo, wani ya karɓi motata.

Ta san kin sani. Ki yi haƙuri, ta tambaye ni kai tsaye, na gaji da ƙarya.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya.

Na fara takardar nan sau huɗu ina yagawa, domin ban saba yi miki magana babu ladabi ba, kuma ba na son in fara yau.

Lokacin da na rubuto miki maganar kalanda, kin riga kin sani. Na buɗe miki cikina, na faɗa miki abin da ko mahaifiyata ban faɗa wa ba. Na yi sati uku ina duba akwatin wasiƙa, ina cewa ko Yaya ba ta da lafiya. Ashe kina can kina shawara da ƙaninki a kaina.

Na san jininki ne. Ban ce ki zaɓe ni a kansa ba. Amma shekara tara kina kirana amaryarmu, kina cewa ni ƙanwarki ce. Na ɗauka da gaske ne.

Abin da ya fi ci min rai ba allurar ba ce. Wallahi da ya zo ya ce min, "Na gaji, ba zan iya ba, ga magani amma ga abin da zai ci mana," ban san me zan ce ba. Wataƙila in yi kuka sati ɗaya in ce ya je ya yi. Ni ma na gaji, Yaya. Kina tsammanin daɗi nake ji duk wata? Amma ba a tambaye ni ba. An bar ni ina murna, ina taka ƙasa a hankali a kan abin da babu shi. Duk sanda na tuna waƙar da yake yi yana kakkaɓe kujeru, sai in ji kunya ta kama ni, kamar an yi min dariya a bayan ido.

Ya daina allurar. Yana shan sabon maganin. Muna gaisawa, ina dafa abinci, yana ci. Iyakarta ke nan a yanzu.

Ki yafe min in na faɗi abin da bai kamata ba.

Matar ƙaninki

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarki, kuma babu kalma ɗaya a ciki da za ki nemi yafiya a kanta.

Kin yi gaskiya. Na sani tun farko. Na ce masa ya faɗa miki, na yi masa faɗa, na sa masa wa'adi, duk gaskiya ne, amma duk wannan tsakanina da shi ne. Ke kuma na bar ki a tsaye a rana. Na zaɓi in rufa wa yaron da na goya asiri, na ce ai zai gyara. Wata uku ina jiran ya gyara, watanninki ne nake kashewa ba nawa ba. Ban yi wannan lissafin ba sai da kika rubuto.

Akwai wani laifin da ya girmi wannan. Duk zuwan da na yi gidanku sai na ja ki gefe na ce, "Har yanzu shiru?" Ke kaɗai nake tambaya, ban taɓa tambayarsa ba. Ina ganin kulawa ce nake yi. Yanzu na gane dutse nake ɗora miki a kai duk zuwa, in tafi in bar ki da shi. Na daina. Ko da me shekarar nan ta zo, ba za ki ƙara jin tambayar nan daga bakina ba.

Ban ce ki yafe masa ba, ban ce ki yafe min ba. Ki yi fushinki har ya ƙare da kansa. In gidan ya yi miki ƙunci, ɗakin babbar 'yata yana nan babu kowa, ki zo ki yi sati. Ba zan yi miki wa'azi ba. In ma kin zage ni ba ji zan yi ba.

Allah ya sanyaya miki.

Yayarki, in har kin yarda

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙafa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ba ya son biro kwanan nan.

Wata takwas ke nan. Kin tambayi yadda nake. Ina nan. Ina tsayawa gaban allo ina nuna wa mutane alamar tsayawa da ta kwana, in na gaji in zauna a kan tebur. Ɗalibai suna kirana Malam Sannu, suna tsammanin ban sani ba. Ta taga ina ganin motata tana fita da wani a kujerata.

Sabon maganin ya ɗan ɗaga lambar, ba sosai ba. Likita ta canza min wani a wata na biyar. An yi gwaji sau uku. Na farko babu, na biyu 'yan kaɗan marasa motsi, na uku kamar na biyu. Likita ba ta ɓoye mana komai. Ta ce ba za ta iya rantsewa allurar ce ta jawo ba, ko dama can haka abin zai kasance. Wannan rashin sanin ya fi komai nauyi.

Tun da ta dawo daga wurinki ta ɗan sake. Na gode da satin nan. Ban san me kuka tattauna ba, ta ce yawanci shiru kuka yi kuna tsintar shinkafa.

Ranar Lahadi ta same ni a bakin gado, na saka riga a bai-bai ban sani ba. Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Haka kake ji duk shekara biyun nan?" Na ce haka. Ta ce, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?" Na ce ban san sunansa ba a lokacin, na ɗauka ni ne kawai na lalace. Ta zo ta cire min rigar ta juya ta, ta mayar min.

Saura wata huɗu. Zan cika su, in sha Allah. Ko ba a samu komai ba, ina son ta ga na tsaya.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki.

Gwaji na huɗu ya fito, babu canji. Likita ta ce muna iya ƙara jira, ko mu nemi manyan hanyoyi a wani asibitin, ba tare da alkawari ba. Na ce ta ba ni sati biyu.

Na yi kukana a ɗakin gwajin ido, inda babu mai shigowa. Sannan na gaya wa Malam ya koma kan allurarsa. Ya ce saura wata biyu. Na ce na sani, ni na yafe su. Muka yi gardama sosai, irin wadda muka shekara ba mu yi ba. A ƙarshe na ce masa wannan karon ni ce zan faɗa wa likita, ya yi shiru ya saurara. Jiya muka je. Na faɗa da bakina.

Ban gama yafe masa ba. Akwai ranakun da nake kallonsa in ji tausayi, akwai waɗanda nake tuna ba zan taɓa sanin abin da watannin nan huɗu suka ci mana ba. Ina jin haka za mu zauna da wannan rashin sanin, ni da shi.

Kada ki yi min jaje, kada kuma ki yi min barka. Ki zo kawai. Na gyara miki ɗaki.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki